Yadda ake gano abin da ke sa kwamfutar da ka haɗa da kanka take ristat ita kaɗai

Ka sayi kaya ɗaya bayan ɗaya, ka zauna ka haɗa kwamfutarka da hannunka, ta tashi lafiya lau har ka ɗora mata Windows, sai kuma ta tsiro da wata ɗabi'a: kana tsakiyar gem ko kana aiki, sikirin ya yi baƙi ɗif, fankoki su ɗan sarara, can sai ga tambarin madabod ya dawo kamar yanzu ka danna maɓallin kunnawa. Wata rana sau uku cikin awa ɗaya, wata rana ta yi kwana biyu shiru har ka fara cewa ai ta warke, sai ta sake. Abin da yawancin mu ke yi a nan shi ne mu fara canki-canki, yau a sayi sabon ram, gobe a sauke Windows a sake ɗorawa, jibi a ce ai madabod ɗin ne jabu. Ni dai shawarata ɗaya ce tun daga farko, kar ka sayi komai tukuna, kuma kar ka canza abu biyu a lokaci guda. In ka canza uku ta daina, to wanne ne ya yi maganin? Ba ka sani ba, ranar da ta dawo kuma ka koma inda ka fara.

Samu takarda ko ka buɗe not a wayarka. Duk sanda ta yi ristat rubuta lokaci, da abin da kake yi, da tsawon lokacin da ta yi a kunne. Wannan ɗan rubutun shi zai rage maka rabin wahala, don wadda take ɗaukewa in an matsa mata da gem daban take da wadda take ɗaukewa tana zaune ba a taɓa ta ba. Sannan ka kwashe muhimman fayilolinka ka ajiye a wani waje tun kafin ka fara gwaje-gwaje, ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubuta fayil tana lalata shi.

Mataki na farko: hana Windows ɓoye maka saƙon

Mutane da yawa ba su san cewa ristat ɗin nan sau da dama bulu sikirin ne ba, wato shuɗin sikirin ɗin kuskure da Windows ke nunawa in ya faɗi, kawai dai Windows ya zo a saite ya sake tashi nan take, saƙon ya gifta kafin ido ya kama. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, a ƙarƙashin Startup and Recovery ka danna Settings, ka cire alamar da ke kan Automatically restart. A nan ƙasa kuma ka tabbatar an zaɓi Small memory dump ko Automatic memory dump. Daga yanzu in Windows ne ya faɗi zai tsaya a kan saƙon har ka karanta. Ka ɗauki hoton sa da waya. A sabbin Windows 11 sikirin ɗin ma ya koma baƙi maimakon shuɗi, amma sunan kuskuren yana nan a ƙasa.

In ka yi wannan kuma ta ci gaba da ɗaukewa ɗif ba wani saƙo, to ka samu babban labari: ba Windows ne yake yanke shawarar ba, wani abu ne a ƙasa yake zare masa tabarma, wato wuta ko furosesa ko madabod.

Mataki na biyu: karanta abin da kwamfutar ta rubuta da kanta

Buɗe Event Viewer, Windows Logs, System, ka gangara zuwa daidai lokacin da ka rubuta a takardarka. Kusan tabbas za ka ga jan kuskure mai suna Kernel-Power lamba 41, sau da yawa tare da 6008. Nan ne mutane ke ruɗewa, suna ganin kalmar Power sai su ce shikenan fawa safulai ne. A'a. Lamba 41 ba ta ce komai ba illa "na tashi na tarar ba a kashe ni yadda ya kamata ba", ko filogi ka fizge daga bango abin da za ta rubuta kenan. Amfaninta yana ciki, danna Details ka nemi BugcheckCode. In sifili ne, ba a yi bulu sikirin ba, wutar ce ta yanke ko injin ya daskare ya sake tashi. In akwai lamba to an yi, kuma lambar a lissafin goma-goma take, misali 292 ita ce 0x124 wato WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR, wadda galibi kukan furosesa ne ko ƙarancin wutar da ake ba ta.

Duba kuma ko akwai lamba 1074 a wurin. Ita wannan tana nufin wani shiri ne ya nemi a yi ristat da gangan, yawanci Windows Update, kuma za ta faɗa maka sunan shirin. In ita ka gani ka huta, ba ciwo ba ne, je ka gyara awannin aikinka a saitin afdet kawai. Sai WHEA-Logger, musamman lamba 18 da 19, in suna yawan fitowa ka riƙe su a ranka za mu dawo kansu a batun furosesa.

In akwai bulu sikirin, fayilolinsa suna C:\Windows\Minidump. BlueScreenView ko WhoCrashed za su buɗe maka su cikin sauƙi. Abin lura a nan, in kullum suna ɗaya ake kira, misali nvlddmkm.sys na Nvidia, to direban ne ko katin. In kuwa yau MEMORY_MANAGEMENT, gobe IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, jibi wani daban, kowane da direban da yake zargi, to gaskiya ni ram nake fara tuhuma, don ram mai kuskure kowa yake shafa wa kashin kaji. Kuma in ka ga ntoskrnl.exe kar ka ce ka kama ɓarawo, shi ne zuciyar Windows, a hannunsa abin ya fashe kawai.

Mataki na uku: mayar da BIOS yadda ya fito daga kamfani

Wannan kyauta ne kuma minti biyar ne, shi ya sa na sa shi kafin a ɗauko sukundireba. Shiga BIOS da Del ko F2, ka zaɓi Load Optimized Defaults, ka yi sebin. Wannan zai kashe XMP ko EXPO ko DOCP, wato saitin da ke sa ram ya yi gudun da aka rubuta a kwalinsa, duk abu ɗaya ne sunan ne ya bambanta. Mutane suna mantawa cewa gudun da aka rubuta a kwalin ram, irin su 3600 a DDR4 ko 6000 a DDR5, ƙarin gudu ne a kan asalin ƙa'ida, ba kowace furosesa ce take ɗaukarsa ba tare da gardama ba. In ka kashe zai koma irin su 2133 ko 2400 a DDR4, ko 4800 a DDR5. Eh zai ɗan rage sauri, amma gwaji muke yi. Duk wani ƙarin gudu ko rage bolt da ka yi wa furosesa ko girafik kad, irin su PBO da Curve Optimizer na furosesar Ryzen, ko shirin Afterburner na girafik kad, duk ka cire. Kar ka ce ai ɗan kaɗan na taɓa. Cire.

In ka taɓa saituttuka da yawa har ka manta, goge CMOS gaba ɗaya, wato inda BIOS ke ajiye saitinsa: kashe kwamfutar, zare filogi, ciro ɗan batirin nan mai kama da kwabo CR2032 na ƴan mintuna, ko ka haɗa ƴan fil biyun da aka rubuta CLR_CMOS kamar yadda littafin madabod ɗinka ya nuna.

Kana cikin BIOS ɗin duba wani saiti da ake kira Restore on AC Power Loss ko makamancin haka. In yana kan Power On, duk sanda wutar bango ta ɗan ƙifta kwamfutar za ta mutu ta tashi da kanta, kai kuma ka ɗauka ristat ne. Mayar da shi Power Off. In daga nan ta koma mutuwa ta zauna a mace, ka san wuta ce take yanke mata.

Yi amfani da ita haka na tsawon da ya wuce yadda ta saba ɗauka kafin ta ɗauke. In ta daina, XMP ne, sai ka duba mataki na ram a ƙasa don ka san yadda za ka dawo da gudun a hankali.

Mataki na huɗu: buɗe kwangon ka bi wayoyi da hannu

Kashe ta, kashe makunnin bayan PSU, wato fawa safulai, zare filogi, danna maɓallin kunnawa na ƴan daƙiƙu don ragowar wutar ta fita, taɓa ƙarfen kwangon kafin ka taɓa kaya. Toh, a kwamfutar da mutum ya haɗa da kansa nan ne aka fi samun abin, kuma nan ne mutane suka fi ƙin dubawa saboda kowa ya yarda da hannunsa.

Fara da babban kebul mai fil 24. Yana da tauri, sau da yawa mutum yana jin tsoron kar ya karya madabod sai ya bar shi bai zauna ba, gefe ɗaya ya shiga ɗayan ya ɗan ɗaga. Zare shi gaba ɗaya ka sake turawa har sai ɗan maƙallin ya kama, babu ko ɗan tsaga tsakaninsu. Haka na furosesa mai fil 8 da ke can sama gefen hagu, wanda ake sakawa a matse hannu na gogar kwango. Ka tabbatar wanda aka rubuta CPU ne ka saka a nan ba na PCIe ba. In PSU ɗinka irin mai cire wayoyi ne, duba ɗaya bakin da ke jikin PSU ɗin shi ma, wallahi an fi mantawa da wannan gefen. Kuma gargaɗi babba: kar ka taɓa amfani da wayoyin wani PSU a kan wani, ko da kamfani ɗaya ne ko da bakin ya shiga daidai, tsarin fil ɗin yana iya bambanta, wannan ba ristat kaɗai yake jawowa ba har ƙona kaya yake.

Girafik kad in yana da baki biyu ko uku na fil 8, kowane baki ka ja masa kebul ɗinsa daban daga PSU, kar ka yi amfani da kebul ɗaya mai reshe biyu a kati mai cin wuta. In kuma sabon bakin nan ne mai fil 16, tura shi har ƙarshe kuma kar ka lanƙwasa wayar daf da bakin. Ciro katin ma ka sake zaunar da shi har maƙallin gurbin ya yi ƙas. In ka tsayar da shi a tsaye da kebul ɗin riser, cire riser ɗin ka saka katin kai tsaye a madabod, riser na Gen 3 a kan kati da madabod na Gen 4 ya sha jawo irin wannan rikicin.

Yanzu ga wanda ya taɓa cin min kusan mako guda. Ƴan ƙananan wayoyin gaban kwango, akwai wadda aka rubuta RESET SW. In maɓallin riset ɗin ya lalace ko yana maƙalewa ko wayar ta ɗan feƙe tana taɓa ƙarfe, kwamfuta za ta riƙa ristat ba saƙo ba komai, daidai kamar wani ne yake dannawa. Ni na gwada ram, na sauke Windows, na ari PSU, ashe ɗan maɓallin da ban taɓa amfani da shi ba ne. Zare wayar RESET SW daga madabod ka bar ta a haka, ba abin da za ka rasa. In kana zargin maɓallin kunnawa shi ma, mayar da wayar riset ɗin gurbin POWER SW ka riƙa kunnawa da ita don gwaji. Zare wayoyin USB na gaban kwango su ma na ɗan lokaci, bakin USB da ya lanƙwashe a ciki yana haɗa wuta.

Sai ƴan ƙafafun tagullan da madabod ke zama a kai. Kowace ƙafa dole ta yi daidai da ramin sukuru a madabod. In akwai guda ɗaya da ta rage a wurin da ba rami, tana nan tana gogar bayan madabod, kwango ya ɗan motsa ko ya yi zafi ya buɗa sai ta haɗa wuta. Girgiza kwangon a hankali ka saurara ko akwai sukurun da ya faɗa ciki yana yawo.

Mataki na biyar: zafi

Sauke HWiNFO64, buɗe shi a Sensors kawai, ka bar shi yana gudana kana aikinka, ka riƙa duba layin Maximum. Yana iya rubuta komai cikin fayil ma, wanda yake da amfani sosai don bayan ta ɗauke sai ka buɗe ka ga lambobin ƙarshe. Furosesocin Intel na yanzu iyakarsu wajen digiri 100 ne, Ryzen 7000 kuma 95 kuma an ƙera su su kai nan in ana aiki mai nauyi, don haka ganin 90 a lokacin matsi ba shi ne matsalar ba. Abin tsoro shi ne ka ga 70 ko 80 tana zaune ba ta komai, ko ka buɗe abu kaɗan ta yi tsalle zuwa iyaka cikin daƙiƙa biyu.

In haka ne ciro abin sanyayawar ka duba ƙasansa. Kar ka yi dariya, ledar nan mai haske da ake mannawa a ƙasan hitsink mutane da yawa sun ɗaura da ita. Goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da hitsink da alkohol, saka sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka ɗaure sukurori a gicciye kaɗan-kaɗan ba ka gama ɗaya sannan ka koma ɗaya ba. In mai ruwa ne ka tabbatar famfon yana juyawa, BIOS zai nuna maka gudunsa, in sifili ne to ruwan a tsaye yake. Amma in faɗa maka gaskiya, zafi ya fi sa kwamfuta ta rage gudu ko ta mutu gaba ɗaya, bai cika sa ta ristat ba, shi ya sa ba na son a daɗe a nan in lambobin suna da kyau.

Mataki na shida: ram

In sanda biyu gare ka a madabod mai gurbi huɗu, kusan kullum A2 da B2 ake so, wato na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga furosesa. Duba littafin ka tabbatar. Ciro su ka mayar da ƙarfi har ka ji ƙas a kowane gefe.

Sannan ka saka MemTest86 a filash, ka tashi kwamfutar daga kansa, ka bar shi ya yi zagaye huɗu, zai ɗauki awanni don haka da daddare ya fi. Kuskure ko guda ɗaya ne kuskure ne, babu wani "ai ɗaya ne kawai". In ya fito, gwada sanda ɗaya-ɗaya a gurbi ɗaya. In sanda guda ce take kawowa, ita ce mara lafiya, mayar da kit ɗin gaba ɗaya a canza maka. In kowace sanda tana kawowa a wani gurbi amma lafiya a wani, to gurbin ne ko kuma fil ɗin soket ɗin furosesa, za mu zo nan. In babu kuskure da XMP a kashe amma yana fitowa in an kunna, sandunan lafiyarsu ƙalau, gudun ne ya yi wa furosesarka yawa. Kunna XMP ɗin amma ka sauke gudun da hannu mataki ɗaya, daga 3600 zuwa 3200 ko daga 6400 zuwa 6000, ka sake gwadawa.

Abu biyu da suke yawan jawo wannan: haɗa kit biyu da aka saya daban-daban ko da sunansu da lambarsu ɗaya, don ƙwayoyin ciki suna iya bambanta, da kuma cika gurbi huɗu da DDR5, wanda da wuya ya riƙe gudun da sanda biyu ke riƙewa. Sannan ka sani wucewa MemTest86 ba takardar shaida ba ce ɗari bisa ɗari, akwai ram ɗin da sai ya ɗumama da zafin girafik kad yake fara kuskure, don haka ka ƙara da gwajin ram na OCCT ko TestMem5 a cikin Windows.

Mataki na bakwai: tsokano matsalar da gangan

Jiran ta ɗauke da kanta ɓata lokaci ne, gara ka nemo abin da yake tayar da ita. Fara da furosesa kaɗai, Prime95 a kan Small FFTs ko gwajin CPU na OCCT, rabin awa, idonka a kan zafi. Sai girafik kad kaɗai da FurMark. Sai ka haɗa su biyun, OCCT yana da gwaji mai suna Power da yake yin haka. In kowanne ya wuce shi kaɗai amma da ka haɗa su ta ɗauke ɗif, to yatsa ya nuna PSU.

Batun PSU yana da ɗan zurfi. Ba lambar wat da ke jikin kwali kaɗai ba ce. Katunan zamani suna yin wani irin fizgar wuta na ɗan ƙiftawar ido da ya zarce abin da aka rubuta musu nesa, an ga wannan sosai lokacin da RTX 3080 da 3090 suka fito a 2020, PSU yana ganin fizgar sai kariyarsa ta ɗauka gajeren haɗi ne ta yanke wuta. Shi ya sa ƙa'idar ATX 3.0 ta 2022 ta ce dole manyan PSU su jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan wannan lokacin. Don haka kana iya ganin lissafinka ya nuna wat 450 kake ci kuma PSU ɗin 650 ne, amma ya riƙa yankewa, musamman in tsoho ne ko mai arha. A HWiNFO duba layin 12V, a tsohuwar ƙa'ida bai kamata ya sauka ƙasa da 11.4 ko ya haura 12.6 ba, na 5V kuma tsakanin 4.75 da 5.25. Sai dai waɗannan lambobin na madabod kimantawa ne kuma ba sa kama fizgar, in sun yi kyau ba su wanke PSU ba.

Ga dabara mai sauƙi: a Afterburner sauke Power Limit na katin zuwa 60 ko 70 cikin ɗari ka buga gem ɗin da ya saba kayar da ita. In ta daina, ko PSU ne ko katin. Tabbacin ƙarshe shi ne ka ari wani PSU mai kyau, da wayoyinsa, ka gwada. Kuma don Allah kar ka buɗe cikin PSU, kafasitocinsa suna riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko bayan an zare filogi. In shi ne, canzawa ake.

Kar ka manta da bango. Cire ta daga ekstenshan ka saka kai tsaye a soket, ko ka kai ta wani ɗakin. In ka lura tana ɗaukewa daidai sanda firiji ko na'urar sanyaya ɗaki ta tashi, ba laifin kwamfutar ba ne. UPS ɗin da ya yi wa kwamfutar ƙanƙanta ko batirinsa ya mutu shi ma yana yin wannan, gwada ba tare da shi ba. Canza kebul ɗin wutar ma, abu ne mai sauƙi.

Mataki na takwas: in tana ɗaukewa ne tana zaune

Wannan shi ya fi rikita mutane, ta wuce duk gwajin matsi na awanni, ka buɗe burauza kana karatu ta ɗauke. Dalili shi ne in ba aiki furosesa tana sauke bolt ƙasa sosai, sai kuma ta yi tsalle zuwa mafi girman gudunta in an taɓa linzami, a wannan tsallen ne take tuntuɓe. An fi ganinsa a Ryzen, tare da WHEA-Logger 18 ɗin da muka ambata, kuma Curve Optimizer da aka sauke da yawa shi ne kan gaba wajen jawo shi. In ba ka taɓa shi ba, a BIOS nemi Power Supply Idle Control ka mayar Typical Current Idle, in bai yi ba gwada kashe Global C-state Control. In sai da waɗannan take zama lafiya a saitin kamfani, ni a ganina furosesar ce ke da rauni, in garanti bai ƙare ba ka nemi canji maimakon ka zauna da faci.

Masu Intel ƙarni na 13 da 14, irin su 13900K da 14700K, ku naku labarin sananne ne. Intel da kansa ya amince a 2024 cewa yawan bolt yana gajiyar da su, ya fitar da gyaran microcode 0x129 sannan 0x12B ta hanyar afdet ɗin BIOS, ya kuma ƙara shekara 2 a garanti. Gyaran yana hana lalacewa ci gaba amma ba ya warkar da wadda ta riga ta lalace.

Wannan ya kawo mu afdet ɗin BIOS gaba ɗaya. Yana gyara matsalolin ram da na furosesa da yawa, amma ka yi tunani, kwamfutar da take ɗaukewa ba gargaɗi in ta ɗauke ana tsakiyar rubuta BIOS madabod na iya ƙin tashi kwata-kwata. Don haka ka fara barin ta a cikin shafin BIOS na awa ɗaya ko biyu ka gani ko tana ɗaukewa a can. In madabod ɗin yana da maɓallin Flashback a baya yi amfani da shi, ya fi aminci. Wannan zaman a BIOS ma gwaji ne mai kyau, in ta yi ristat a can to Windows da direbobi sun fita daga zargi gaba ɗaya.

Mataki na tara: Windows da direbobi

Na ajiye shi baya da gangan don shi kowa ke fara yi kuma shi ya fi cin lokaci. Shiga Safe Mode ka goge direban girafik da DDU, ka saka sabo daga shafin Nvidia ko AMD ko Intel. Saka direban chipset daga shafin masu furosesar. Cire shirye-shiryen fitilun RGB da na sarrafa fanka in kana da fiye da ɗaya, suna rigima da juna a kan na'urori masu auna zafi. Buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, in ya gama sai sfc /scannow. Duba lafiyar SSD da CrystalDiskInfo, in kuma irin M.2 ne da ake sakawa a jikin madabod ka sake zaunar da shi. Kashe Fast Startup.

Hanya mafi gajarta ta raba gardama ita ce ka saka Ubuntu ko Linux Mint a filash ka tashi daga kansa ba tare da ka ɗora ba, ka yi yini kana amfani da shi. In ta ɗauke a can ma, kar ka wahalar da kanka da sauke Windows, kayan ne.

Mataki na goma: fito da komai waje

In duk an bi ba a kama ba, ciro madabod ɗin daga kwango ka ɗora a kan kwalinsa, kwalin fa ba ledar da ya zo ciki ba. Furosesa da hitsink, sandar ram ɗaya, SSD ɗaya, PSU, shikenan. In furosesar tana da girafik na ciki bar katin a gefe ka jona monita a madabod, amma Intel masu F a ƙarshen suna da yawancin Ryzen 5000 marasa G ba su da shi, su dole sai da kati. Kunna ta da taɓa fil biyun POWER SW da bakin sukundireba. In ta zauna lafiya a haka, fara mayar da kaya ɗaya-ɗaya, kowanne ka ba shi lokacinsa, wanda ka saka ta dawo da halinta shi ne. In komai ya koma lafiya a waje sai da ka mayar cikin kwango ta fara, koma kan ƙafafun tagullan nan da wayoyin gaba.

In kuwa a wannan ƙaramin haɗin ma tana ɗaukewa, kuma ka riga ka gwada wani PSU da wani ram, saura biyu: furosesa da madabod. Ciro furosesar ka haska fitilar waya a gicciye kan fil ɗin, a AM4 suna jikin furosesar, a AM5 da LGA1700 suna cikin soket ɗin madabod. Fil ɗin da ya lanƙwashe yana ƙyalli daban da ƴan uwansa, da ka juya hasken za ka gan shi. In lafiya suke mayar da ita ka ɗaure hitsink ɗin daidai ba da ƙarfin tsiya ba, matsewa da yawa ma tana sa wasu fil su daina taɓawa har gurbin ram ɗaya ya riƙa kuskure. Bayan wannan sai musanya, ka samu wata furosesar da ta dace da soket ɗin ka gwada a madabod ɗinka, ko ka kai taka kan wani madabod. Wanda matsalar ta bi shi za ka mayar, kuma ka haɗa da takardar nan da kake rubutawa tun farko da hotunan Event Viewer da sakamakon MemTest86, don masu garanti abin da za su fara tambayarka kenan.